Godiyar da ta cinye maganar Iya Dije

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata, Iya Dije, wakiliyar mata a kwamitin makarantar ƙauyenmu da ke kusa da Gagarawa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta leƙo ta taga, har hedimasta sai ya gyara zaman hula.

Damuwarta ɗaya ce: 'yan aji shida ba su da malamin lissafi, ga ƙanwata Hafsatu na shirin jarrabawar shiga sakandare. Da aka ce manyan baƙi za su zo jin ra'ayin iyaye, sati guda tana gwada jawabinta a kaina, har awaki suka haddace.

Ranar taro ta miƙe. Mu a nan ba a roƙon baƙo sai an gaishe shi. Ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta gode da fentin da aka yi wa azuzuwa, ta shi albarka. Tana jan numfashi za ta shiga maganar, sai babban cikinsu ya tafa, ya ce, "Madalla, iyaye sun gamsu." Suka shiga mota, wai ana jiransu a Maigatari.

A hanyar gida na ce, "Amarya, ina jawabin namu?"

Ta ce, "Rufe min baki, mijin banza. Ka taɓa ganin an tari baƙo da kuka?"

Har yau na kasa gane mai laifi. Sun tambaya, ta kuma amsa, ba wanda ya yi ƙarya.

Yanzu ni ne wakilin ɗalibai a sakandarenmu. Ra'ayin iyaye ta waya ake nema, a garin da sai ka hau tudu kake samun sabis. Da Iya tana nan, ban sani ba ko za ta yi murnar babu doguwar gaisuwa, ko ta ce wa za ta kalla a ido. Ni dai in aka ba ni dama, nakan rantse zan fara da ƙorafi, sai in ji bakina yana tambayar gajiya. Abin da ta bar min ke nan, tare da nacin zuwa kowane taro.

Malamin lissafi bai zo ba. Hafsatu ta koma wajen gwaggonmu a Gumel, ta maimaita aji shida, ta ci jarrabawar. Iya ba ta ga sakamakon ba.