Ƙwaya Huɗu a Tafin Ya Gana

Ƙwayar magani huɗu yake ƙirgawa a tafin matarsa Ya Gana kowace safiya, ya ajiye mata kofin ruwa, ya fice kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Shekara ashirin da biyu Malam Zarami yana koyar da lissafi a Azare, mutumin da ko kunu aka dama masa sai ya tambayi ludayi nawa ne.

Da tarin tibi ya kama ta a daminar 2007, sai ya kai tsoronsa gaban tsohuwar kwamfutar makaranta. Ya tsara wa kwamfutar yadda magani ke toshe wa ƙwayar cuta hanyar rayuwa, da yadda 'yan kaɗan ke samun wata kafa su tsira idan maganin ya yi ƙaranci. Ya zuba alkaluma. Layi ya gangaro a allon kamar ruwan indararo: wata shida, ta warke.

Wata na biyar, Cornelius mai gwaji a asibiti ya ɗago daga madubinsa na duba ƙwayoyin cuta.

"Malam, majinar nan ba ta san lissafinka ba. Ƙwayoyin cutar suna nan, har sun ƙaru. Maganin ya daina cin su."

"Akwai wani maganin?"

"Akwai. Ba a nan ba."

Kwana uku Malam Zarami yana neman kuskurensa a kwamfutar. Ya canza nauyin Ya Gana, ya canza kwanaki, layin ya ƙi tashi. Sai ya goge huɗu ya rubuta biyu. Layin ya sauka, ya dakata, ya miƙe sama daidai inda Cornelius ya faɗa.

Ya same ta a ɗaki tana tsince wake, wuyanta kamar sillen kara.

"Ya Gana, ina biyun suke zuwa?"

Ba ta musa ba. "Talatu ta bayan katanga. Tarinmu ɗaya, Malam, kana jin ta. Kunyar layin asibiti take yi."

"Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu. Ko gishiri na samu sai na miƙa mata ta katanga. Yaya zan haɗiye huɗu tana ji?"

Ta can bayan katangar tarin ya taso, busasshe, mai tsawo. Ƙarƙashinsa kuma wani ƙarami, na goyo.

Malam Zarami ya zura takalmansa, ya ɗaga labule ya fita, ya nufi gidan su Talatu.