Wainar Hassan Kuku

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa a Filinge. Duk shekara idan watan ya kama nakan sa a yi masa sauka, a raba goro da dabino, ni kuma in zauna a kan tabarma ina karɓar addu'a kamar ɗan kirki. Bana na ga wannan bai ishe ni ba. Akwai wata amsa da na taɓa bayarwa a gabansa, kalma ɗaya tak, kuma ya rasu ban janye ta ba. A gaban mutane na faɗe ta, shi ya sa nake so in janye ta a gaban mutane.

Sunansa Alhassan, amma duk faɗin ƙasarmu ta Kurfai ba mai gane shi sai ka ce Hassan Kuku. Yana saurayi ya tafi cirani bakin teku kamar sauran sa'o'insa. Su suka dawo da rediyo da keke da turamen atamfa, shi ya dawo da cokali mai yatsu, da guntun katakon murza fulawa, da wani farin ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙugu. A Abijan ya samu aikin wanke-wanke a madafar wani jirgin ruwa, ƙarƙashin wani kuku ɗan ƙasar Jamaika, baƙi wuluk kamarmu. Wancan ba ya jin Hausa, Baba ba ya jin yarensa, haka suka shekara shida suna hira da hannu. A wurinsa ya koyi abin da yake kira pati: fulawa ce ake murjewa da mai, a rina ta rawaya da kurkum, a cusa mata ganye da kayan lambu, a ninke ta rabin wata, a gasa. Mutanen garinmu ba su wahalar da bakinsu ba, suka sa mata wainar Kuku, ko da yake babu abin da ya haɗa ta da waina.

Ranar Juma'a yake yi, da an fito sallar asuba. Tun Alhamis wata Bafulatana take kawo masa man shanu, ya zuba a kwano mai murfi, ya saka a cikin randa don ya daskare. Kafin ya taɓa fulawa sai ya tsoma yatsunsa a ruwan sanyi, domin a cewarsa zafin hannu shi ke kashe abin. Da kan yatsu yake marmasa man cikin fulawa har ta yi warawara kamar dambu, sannan ya yayyafa ruwa, ya murza, ya ninka sau uku, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Cikinta kuwa kabeji ne, wanda mu nan muke ce wa shu, da karas, da albasa, da tafarnuwa, da attaruhu, wani lokaci da dankalin Bonkuku idan lokacinsa ne. Akwai wani ganye da ɗan Jamaikan ke wahalar nema a duk tashar da jirgi ya tsaya. Da Baba ya duba da kyau, ashe alayyahu ne, irin wanda ke fitowa da kansa a bayan makewayinmu. Har ya tsufa wannan labari na ba shi dariya. Ba mu da gidan gashi, sai ya zuba yashi a gindin babbar tukunya, ya jera su a kan faranti, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Idan ya buɗe, ƙamshin na kaiwa har bakin titi.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce to ina abin kunya a nan. A wurinmu namiji na iya gasa tsire a tasha, ya soya ƙwai a teburin shayi, ya kwaɓa burodi, ba mai cewa uffan, sana'a ce. Amma magidanci ya shiga madafar gidansa, ya zauna a kan kujerar mata tsakanin turmi da murhu, kuma ba don ya sayar ba, wannan abin magana ne. Baba bai taɓa sayar da ko guda ba. Arba'in yake yi, a kai wa liman, a kai wa maƙwabta, a kai wa masu jinya a likita, sauran a ba baƙin da ke jiran mota a tasha. Mutane su ci, su lashe yatsu, su yi godiya, yana juya baya su taɓa juna. A lakwal, wato makarantar boko, yara kan tare ni su ce, ɗan Kuku, yau wa ya tuƙa tuwo, Inna ko Baba? Na yi dambe a kan wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma duk Juma'a sai na faki ido na ci uku a bayan rumbu. A gidanmu ni na fi kowa cinta, ni na fi kowa jin kunyarta.

Na yi karatu na zama malamin makaranta, abin da ake kira mushe. Na fara a wani ƙauye wajen Damana, daga baya aka maido ni Filinge. Shekarar da za a tabbatar da ni a aiki, aka turo insifekta daga Yamai ya duba yadda nake koyarwa, kuma sa hannunsa ne zai raba gardama. Dogon mutum ne mai gilashi, Faransanci a bakinsa ba gargada. Ranar ta faɗo Juma'a. Darektanmu, wato shugaban makarantar, ya ce baƙo zai ci abinci a gidanmu tunda mu muka fi kusa. Na sa Inna ta yanka kaza ta dafa shinkafa. Tun daren Alhamis kuwa na sami Baba, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa ya daure gobe ya tafi masallaci da wuri. Ya dube ni, ya ce to.

Muna zaune a rumfa, ni da darekta da baƙo, sai ga Baba da tire a hannu. Ya naɗe hannun riga, fulawa har gwiwar hannu, ga farin ƙyallen nan a ƙugu wanda kurkum ya mai da shi rawaya. Insifekta ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya lumshe ido, ya ƙara ɗaukar wata. Sai ya nuna Baba da haɓa, ya tambaye ni da Faransanci ko kukunmu ne.

Na ce, "Wi." Wato i.

Ban yi tuntuɓen baki ba, kuma ba ruɗewa na yi ba. Na ji tambayar sarai, na auna, na zaɓi amsar. Na kuma san wanda ya shekara shida a Abijan ba ya buƙatar tafinta a kan wannan. Darekta, wanda ya san gidanmu ciki da waje, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba ya ajiye tiren a hankali, ya ɗan rusuna, ya dube ni ya ce, "A ci lahiya, mushe." Ya koma ciki.

Aka tabbatar da ni a aiki. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba, ko a fuska. Ya ci gaba da aikinsa na Juma'a, sai dai daga ranar idan ina da baƙi ba ya fitowa, kuma ko sallama aka yi a ƙofar gida sai ya kwance ƙyallen kafin ya leƙa. Ina gani, na san dalili, na yi kamar ban gani ba. Shekara takwas muka ƙara tare. Mun yi noma kafaɗa da kafaɗa, mun je jana'izar mutane, ya yi wa ƴaƴana huɗuba. A ciwonsa na ƙarshe na zauna a bakin gadonsa a likita, ba kowa sai ni da shi, na yi niyyar ɗaga maganar. Da na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa ko ya sha magani.

Yau idan na buɗe waya ina ganin samari da fararen huluna suna yanka albasa a gaban duniya, ana yaba musu, iyayensu na alfahari. A Yamai ana jera irin wannan abinci cikin akwatin gilashi, manyan ma'aikata na tsayawa da mota su saya. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin ba zai ce kun gani ba, don ba halinsa ba ne. Zai karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, ya ce wannan yaro hannunsa ya yi zafi, wancan kuma bai bar ganyen ya huce ba. Sannan zai tambayi mutanen da rashin kwanciyar hankali ya koro daga wajen Abala suka zauna a gefen gari, ya ce su nawa ne, ya fara tunanin tukunyar da ta fi tasa girma. Duniya ta zo inda yake tsaye tun tuni. Ni da na yi boko, nake koya wa yaran mutane tarbiyya, ni ne na makara.

Bana, ina darektan lakwal ɗinmu, na sami Inna na ce ta koya mini. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma shekara talatin ta yi tana kallon hannunsa. Ta ce, "Kai? Darekta guda cikin madahi? Yanzu kaka son koyo, da mai abin yat tahi?" Na ce i. Ta ce in ɗauko kujera. Juma'ar farko duk suka fashe a tukunya, don na zuba ganyen da zafinsa. Ta biyu suka yi tauri, ko akuya sai ta yi tunani. Inna ta gatsa ta ce, "Gaggawa gare ka. Ubanka ba ya hwaɗa da hulawa." A ta uku suka fito. Sai da na gama na je buɗe ƙofar gida, na tarar ashe da hannuna na sa sakata kafin in fara, duk Juma'o'in nan uku. Na tsaya riƙe da sakatar, na ji kunyar ta dawo sabuwa.

Daga nan na sa aka nemo mini inda insifektan yake. Ya daɗe da barin aiki, yana Yamai a gidan ɗansa. Na gasa goma sha biyu, na naɗe, na shiga mota. Na same shi a kan kujera a inuwa, gilashin ya ƙara kauri. Bai gane ni ba sai da na kwance ƙunshin ya ga rawayar. Ya ce, "Filinge." Na durƙusa na ce masa na zo gyara wata magana ne. Mutumin da ya kawo tire a ranar nan ba ɗan aikinmu ba ne, mahaifina ne.

Ya gutsura, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa, ya ce, "Na sani."

Ya ce tun kafin mu gama cin abinci ya gane, don goshinmu ɗaya, kuma ya ga yadda darekta ya yi. Ya fita daga gidanmu da niyyar ba zai sa hannu a takardata ba, domin a ganinsa wanda ya ƙi ubansa a kan faranti bai kamata a ba shi ƴaƴan mutane ba. Da ya isa wurin mota, lokacin ni na koma ɗauko masa jaka, sai ya tarar da Baba a tsaye. Ya wanke hannu, ya sa rigar Juma'a, yana riƙe da ƙunshi a takarda. Ya miƙa masa, ya ce da Faransancinsa na bakin teku: yaron nan ɗana ne, ya iya aikinsa. Shi ya ce mini in tafi masallaci da wuri, ni ne ban ji ba. Laifin nawa ne, kada ya shafi takardarsa.

"Shi ya sa na sa hannu," in ji tsohon insifekta. "Ba don darasinka ba. Darasinka ma ba wani abin kirki ba ne."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Shekara ashirin ina cin albashi, ina hawa muƙami, ana ce mini mushe darekta, ina zaton ƙoƙarina ne. Ashe mutumin da na kore shi zuwa masallaci, na mai da shi bara a cikin gidansa, shi ne ya bi bayana ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Kuma ya zauna da ni shekara takwas bai ce mini ga abin da na yi maka ba.

Baba bai bar gidan siminti ba, bai bar garke ba. Gonar da ya bari mun raba, ba ta kai a yi faɗa a kanta ba. Abin da ya rage nasa shi ne cokali mai yatsu wanda yatsa ɗaya ya lanƙwashe, da katakon murzawa, da ƙyallen da Inna ta adana a ƙasan akwati, da tsofaffi a garin nan waɗanda har yau idan suka ji ƙamshin kurkum a wuta sukan ce Allah ya jiƙan Kuku. Waɗanda suka yi masa dariya sun manta sun yi, ɗanɗanon kawai suke tunawa. Ni ba ni da wannan sauƙin.

Juma'ar da ta wuce na bar ƙofa a buɗe, na ɗaura ƙyallen, na yi arba'in. Da aka sauko daga masallaci na ɗauki tiren da kaina na tsaya a bakin hanya. Yaran lakwal ɗina suka gan ni, suka taɓa juna, na gane irin taɓin. Wani baƙo da ya zo daga wajen Abala ya ɗauki ɗaya, ya ci, ya tambayi dattijon da ke kusa da shi, "Wane na wanga?" Dattijon ya ce ai mushe ne, darektan lakwal. Na ce masa a'a, ɗan Hassan Kuku ne. Baƙon ya gyaɗa kai, bai san ko wane ne ba, ya ƙara ɗaukar ɗaya ya wuce. Wanda ya kamata ya ji amsar yana kwance gabas da gari shekara goma sha biyu. Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ni kuma ka yafe mini.