Hoton da Na Ɗauka a Ƙofar Gidan Wani

Akwai abin da ya same ni a Sabha wanda ko tsufa ya cinye mini tunani, shi kam ba zai fita raina ba. A shekarun nan ne da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, lokacin da kowane saurayi a ƙauyenmu na Damargu yake ganin in bai hau kamiyo, babbar motar kayan nan, ya keta Sahara ba, bai cika namiji ba.

Mu 'yan aikin gini mun fi kowa sanin inda arziki yake a garin. Da safe in mun taru a unguwar Jadid muna jiran shugul, wato aiki, hirarmu ke nan: wace unguwa ce ake ba lebura shinkafa da nama, wacce ake miƙo masa busasshen burodi. Wadda ta fi duka a wurinmu wata sabuwar unguwa ce a gefen gari, ta manyan fataken Sahara. Can na yi wata takwas ina gina wa wani Balarabe gida mai hawa biyu. Ni kuwa a unguwar Manshiya nake kwana, mu bakwai a ɗaki ɗaya.

Ranar da aka gama gidan sai na yi abin da kowa ke yi. Na ari kwat, na kira mai hoto, na jingina da ƙofar ƙarfen nan, hannu ɗaya a aljihu sai ka ce minista, na aika gida. Ban ce gidana ne ba, amma Allah ya sani abin da nake so su ɗauka ke nan.

Bayan wata uku aka ce wani tsoho yana nemana a tasha. Babana ne. Kwana tara ya yi a saman kayan kamiyo, ya rame, leɓɓansa duk sun tsage. Ya ce ya zo ne ya sa wa gidan albarka tun yana da sauran ƙarfi, kuma kowa a ƙauye ya san abin da ya kawo shi. Mutumin nan bai taɓa kama ni da ƙarya ba, yau ga shi ta sa shi ya keta hamada.

Na ajiye shi wurin mai shayi, na ruga gun mai gidan, wanda yake jin Hausa irin ta kasuwar Agadas. Na zayyana masa komai, na roƙe shi ya bar ni in zama mai gida na yini ɗaya tak. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska.

"Ni babu yi ƙarya ga tsoho," in ji shi. "Kawo baba, ya ci abinci."

A hanya na so in faɗa wa Baba gaskiya, amma na kasa. Mai gidan ya tarbe mu, ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya shigar da shi ɗakin baƙi. Ni kuwa, don sabo, na tsaya bakin ƙofa ina jiran a ce in shigo. Baba ya waiwayo ya dube ni. Ya riga ya gane, ni ma na san ya gane, kunya ta rufe ni.

Da aka ci aka sha shayi, mai gidan ya zagaya da shi ko'ina, yana gaya masa cewa kowane bulo a nan hannun ɗansa ne ya ɗora shi. Baba tsohon magini ne, na ginin ƙasa. Ya kanne ido ɗaya ya duba kusurwa, ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa, ya sake dubawa. Ya daɗe yana wannan bincike, ni ina biye da shi kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Kai ka tayar da wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To miƙo hannunka. Gidan ba naka ba ne, ba zan ce wa mutane naka ne ba. Amma ba zan koma da albarkata ba."

Ya riƙe hannuwana duka biyu, masu kaushin nan, ya yi ta addu'a. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Bayan nan na gina gidaje da yawa a unguwar, kuma yau ina da nawa a Tanut, ɗaki uku. Tun ranar na koyi cewa abin da hannuna ya iya ya ishe ni in nuna wa kowa, ba sai na raɓu da ƙofar wani ba.