Furar Gwaggo da Allurar Barci

Duk ci gaban da ɗan Adam ya yi a fannin magani, tun daga tsaga da ƙaho har zuwa na'urorin yau, ya rataya ne a kan abu ɗaya: a hana mutum karyawa. Shekara talatin ina mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko, ban san haka ba, sai da na yi antire na bar aiki, na zama mai jinyar yayana.

Yaya manomi ne a wani ƙauye bayan Mirriya. Gwaiwa ta daɗe tana damunsa, har ta kai ba ya iya sunkuyawa. Da ƙyar ya yarda ya zo Damagaram a yi masa aiki, da sharaɗin a gama da bazara, ya warke kafin ruwan shuka. 'Ya'yansa maza suna ci-rani, gonar kuwa ita ce abincin gidan.

Ana gobe aiki muka ga mai allurar barci, wata mata 'yar shekara arba'in mai idon wanda ya gaji da maimaita magana. Ta duba haƙoransa, ta ce ya buɗe baki, ta maƙala masa wani abu kamar matsin shanya a yatsa, ta ce shi zai riƙa gaya mata ko iska na isa jininsa. Sannan ta ce awa shida kafin aiki kada komai ya shiga cikinsa.

"Dokar wa?" in ji Yaya.

"Ta duniya ce, Baba. Ko'ina haka ake yi."

"To duniya ta san da ni ashe."

Da safe na je sayen abin da aka rubuta mana. Ina dawowa na tarar da gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, zaune bakin gadonsa. Ta haura tamanin, ta shigo motar farko daga ƙauye da ƙwaryar fura a cinya, ta dama da hannunta. A gidanmu ba a mayar wa babba da hannu. Yaya ya san dokar duniya, tun jiya yake maimaita ta, amma gwaggo ce ta yi masa goyo. Ludayi uku ya sha.

Na yi niyyar mu yi shiru, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙofar ɗakin aiki matar ta ɗauko takardarta, ta tambayi sunansa, da ɓangaren da za a yanka, da abin da ya shiga cikinsa na ƙarshe.

"Fura," in ji shi. "Kaɗan."

Ta rufe takardar. Na gyara murya, na yi mata Faransanci irin na gaban sufeton makarantu, na ce ai ludayi uku ba abinci ba ne. Ta amsa mini da Hausa.

"Mushe, in mutum ya yi barcin allura, maƙogwaronsa ma barci yake. Furar ta taso, ta faɗa huhu. Ni ce a tsaye wajen kansa, ba kai ba."

Layi ya yi tsawo a ranar, ba a iya jiran awa shida. Aka ɗaga mu sati uku. Yaya ya zauna gidana a Zango, kullum da la'asar yana fita ƙofa yana duban gabas. Gwaggo ta koma ƙauye tana ba da labari cewa a birni yanzu yunwa ake sa wa maras lafiya kafin a yanka shi, saboda haka a karo na biyu dangi suka yi shiri sosai.

Na koma wajen matar na ce ban san yadda zan tare su ba. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ba kai ne na farko ba. Ba a korarsu. A samu mai sha a madadinsa."

Haka ranar aiki na ajiye kujera a ƙofar ɗakin da aka kwantar da Yaya tun hantsi bai yi ba. Gwaggo ta iso da ƙwaryarta. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ce likita ta ɗora mini sha a madadin Yaya, cikinmu ɗaya.

"Kai da ko kana yaro sai an bi ka da ludayi?"

"Girma ya zo, Gwaggo."

"To shanye, ina kallo."

Na shanye. Bayanta surukinsa ya zo da kunu, maƙwabcinsa da ƙosai, wata da ban ma gane ta ba da dambu. Kowa ya tsaya ya ga bayan kwanonsa. Lokacin da aka gungura Yaya ciki, cikinsa wayam kamar yadda duniya ta nema, ni ko miƙewa ban iya yi.

Aikin ya yi kyau. Matar ta fito ta ce abin yatsan bai yi kuka ko sau ɗaya ba, sai na ga har ta kusa yin murmushi. Na zauna kan benci ina jin wani irin alfahari, wai yau ni da manyan likitocin ƙasashe mun haɗu a kan magana ɗaya, kuma mun ci nasara a kan ƙwarya. Ranar sallama aka ce da Yaya sati shida kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe, ko da yake ba ya karatun boko, na kai shi tasha da kaina.

Sati ukun nan da fura ta ci, su ne ba mu samu mun mayar ba. Kwana tara da komawarsa ruwan shuka ya sauka, washegari yana gona da sungumi. Gwaiwar ta dawo kafin girbi.