Doyar da Ta Ba da Shaida

Shekara goma sha ɗaya Malama Nasara Dauda ta yi tana koyar da aikin gona a wata jami'a mai zaman kanta a hanyar Abuja, ba a ƙara mata ko mataki ɗaya ba. Ni da ita gida ɗaya muke haya a unguwar Kwamba, kuma abin yana ƙona mini rai, don na san duk Asabar ɗinta a ƙauyuka take ƙarewa. Manoma take nuna wa yadda za su ɗaga rumfar doya daga ƙasa, su barbaɗa toka da ganyen darbejiya kada ta ruɓe.

Sai jami'ar ta ɓullo da sabon tsari: ƙarin albashi da girma sai an auna aikin malami, wanda ya faɗi kuwa a sallame shi. Abokan aikinta suka jibge rubuce-rubucen da suka buga a mujallu. Ita biyu gare ta kacal. Ta rubuta aikinta na ƙauye, aka turo Dakta Onwuka daga kwamitin awo ya je ɗaya daga cikin ƙauyukan ya gani da idonsa, da sharaɗin za ta raka shi amma ba za ta ce uffan ba.

To, wane manomi ne zai faɗa wa baƙo mai biro da takarda abin da ya girbe? Dakta ya tambayi Malam Suhaibu, dattijon ƙauyen, yaya doyar bana.

"Sai godiya," in ji shi. "Ɗan abin da ba a rasa ba."

Mutum bakwai aka tambaya, bakinsu ɗaya. Dakta yana ta rubutu, Nasara na tsaye kamar an dasa ta, tana kallon aikinta yana zubewa.

Har ya buɗe mota, sai Hadiza, matar Malam Suhaibu, ta taho da doya biyar a ka, don ba a barin baƙo ya tafi hannu rabbana. Ashe Dakta ɗan manomin doya ne. Ya ɗauki ɗaya, ya matsa, ya ƙwanƙwasa, ya ji ta garau, ga shi ana tsakiyar watan Mayu. Sai ya juya wajen Malam Suhaibu.

"Baba, wannan doya, which time kun haƙa?"

"Tun Disamba."

"Ina son in ga store ɗin."

Malam Suhaibu ya sosa ƙeya, ya shige gaba. Rumfa cike maƙil, ta maƙwabcinsa ma haka, ko doya ɗaya ba ta yi baƙi ba. Dakta ya yage shafin da ya rubuta, ya sake sabo.

Ranar da takardar ƙarin girman ta iso, Nasara ta faɗo ɗakina ko sallama babu, ta miƙo mini, ta zauna a kan turmi tana kuka. Ni kuwa na fito tsakar gida na rangaɗa guɗar da har masu shago suka leƙo.