Wa Zai Yafe wa Wa, Malam Amadou?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 14 ga Satumba 2024, Allah ya karɓi ran Injiniya Amadou Bawa a gidansa na unguwar Talladjé, bayan gajeruwar jinya.

Malam, kai ka koya mini harshen C, wanda ake rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni da shi, a biron ƙungiyarmu, inda muke tura wa mutanen bakin kogi saƙon gargaɗi ta salula idan ruwa ya taso. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba. In na yi shirme sai ka jawo kujera, ka ce, "Hadiza, ordinatar ba ta ƙarya, abin da kika ce shi ta yi."

Lambar waya a Nijar gajeruwa ce, mazubin lamba da ake rubutawa %d a harshen C na fitar da ita daidai. Da aka ce a ƙara 227, lambar ƙasa, a gaba, ka faɗa wa shugabanni cewa lambar ta fi ƙarfin wannan mazubi, sai an sa babban mazubi, %lld, in ba haka ba wata lamba daban za ta fito. Shugabanmu Isaka ya ce ƙaƙale ne irin na tsofaffi. A gabana ya sa aka ɗora tsohon aikin a kan na'urar tura saƙo ba tare da gyaranka ba.

Daminar bara ruwa ya zo. Saƙo ya fita, bai sami kowa ba, domin lambobin sun fito a karye. Mutane suka rasa ɗakuna da shinkafa. Aka ce laifinka ne, aka sallame ka. Na yi magana, aka ce in kama bakina. Har yau idan matarka Saratu ta shiga kasuwar Petit Marché, sai an nuna ta da baki.

Sai ga Isaka a wajen jana'iza, da babbar riga, yana cewa, "Mu dai mun yafe masa kuskurensa." Wane kuskure? Isaka, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya kamata ka roƙa gafara an rufe shi. Saura iyalinsa, kuma ka san hanyar Talladjé. Ka je ka faɗi gaskiya a gaban 'ya'yansa, su daina sunkuyar da kai idan an ambaci sunan ubansu.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Saratu, da Faruk, da Rahina haƙurin rashi. Kai na san ka yafe tun kana raye. Ni ban kai can ba tukuna.