Rayuwar Edzani Ramaru, Har da Shekarar da Aka So a Tsallake

Haihuwa

An haifi Edzani Ramaru a watan Maris na shekarar 1960 a garin Tshakhuma da ke ƙasar Venda, a Afirka ta Kudu. Mahaifinsa shi ne Vho-Wilson Ramaru, wanda ya shekara ashirin da shida yana aiki a ramin haƙar zinariya a Carletonville, mahaifiyarsa kuma Vho-Masindi, manomiya. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma namiji tilo. Mai wannan rubutu yayarsa ce, Muofhe, mai sayar da ayaba da fiya a kasuwar bakin titi. A aji huɗu na tsaya, kuma abin da na tuna shi na rubuta.

Karatu

Ya shiga makarantar mishan ta garinmu a 1967, ya kammala sakandare a 1978 da sakamakon da shugaban makaranta ya karanta a coci. A 1979 ya tafi jami'a a Turfloop, inda ya karanta lissafi da ilimin lantarki har shekara huɗu. Ba mai yawan magana ba ne, kuma a cikin waɗannan shekaru duk rediyon da ya lalace a unguwarmu ajiye shi ake yi sai ya zo hutu.

Aiki

Bayan shekara biyu yana koyarwa, a 1985 ya sami aiki a wani kamfanin ƙera kayan lantarki a Pretoria, ya kama ɗaki a Mamelodi. Aikinsa shi ne gwaji. Kafin a ƙera allon lantarki, akan zana shi a cikin kwamfuta, a tura masa saƙo, a ga ko abin da ya shiga shi ne ya fito. Edzani ne yake shirya saƙon gwajin.

Da waken girki ya taɓa yi mini bayani, fari da baƙi. Ya ce na'ura lamba biyu kawai ta sani, ɗaya da sifili, kuma saƙon gwaji dole ya zama kamar an watsa waken barkatai, domin haka saƙon mutane yake zuwa. Amma ba barkatai ba ne na gaskiya. Akwai lambar farko da suke kira iri, daga ita dukan jerin yake fitowa, kuma muddin ka sa iri ɗaya, jeri ɗaya za ka samu ko sau dubu ka maimaita.

Na ce, “To, ƙarya kake shiryawa ke nan, ana biyan ka.”

Ya ce, “Yaya, ƙarya ce mai tsari. Ba irin taki ba, da kike ce wa direbobi yau aka tsinko fiya.”

Aure da 'ya'ya

A watan Disamba na 1988 ya auri Livhuwani, ma'aikaciyar jinya 'yar Sibasa, aka ɗaura auren a cocin Tshakhuma. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu tsakanin 1989 da 1996, babbansu Khathutshelo. A 1994 suka tashi daga Mamelodi zuwa gidan kansu a cikin birni.

Shekarar 1997

A farkon wannan shekara kamfanin ya karɓi aikin ƙera na'urar da za ta riƙa kai saƙo tsakanin kejin da ke saukar da ma'aikata cikin ramin haƙar ma'adinai da mai tuƙa injin jan kejin a sama. Aka ɗora wa Edzani gwajin, aka kuma shaida masa cewa idan aikin ya yi kyau shi za a naɗa shugaban sashe, kujerar da baƙin mutum bai taɓa zama a kanta ba a wurin.

Domin ya tsananta gwajin, sai ya bar gajeren jerin da suka saba, ya shirya dogo mai lambobi miliyoyi. Kwamfuta ta yi mako shida tana aiki, kuma kowace safiya takan fitar da adadin kurakurai, sifili. Aka yi gashin nama a harabar kamfani, aka ba da umarnin ƙera alluna ɗari huɗu.

A watan Yuli, yana haɗa takardun ƙarshe, ya buɗe jerin domin ya kwafi layin farko. Sifili ne daga farko har ƙarshe. Lokacin da ya sauya tsarin ya bar gurbin iri babu komai, kwamfuta ta ɗauke shi sifili, shi kuwa sifili ba ya haifar da komai sai sifili. Mako shida ba a tura komai ba, ba a karɓi komai ba, na'urar ƙirga kuma ta ce sun yi daidai. Ya sa iri ya sake gwajin shi kaɗai. A kwana na biyu kurakurai suka bayyana: duk inda lamba ɗaya ta biyo kanta fiye da sau ashirin, allon yakan rikice da ƙirga, har saƙon tsayawa ya iya ɓacewa.

Abokin aikinsa Gerrit kaɗai ya nuna wa. Gerrit ya ce masa, “Kai, mutumina, wa ya gani? Sau nawa irin wannan jerin zai zo a rami? Ka karɓi kujerarka, ka gyara a zubi na biyu.”

Ranar Asabar ya zo Tshakhuma, ya same ni a rumfa ya gaya mini. Na ce masa, “Edzani, yi shiru. Ba kai kaɗai za su yi wa dariya ba. Cewa za su yi ga abin da ke faruwa idan an ba mu wuri.”

Ya ce, “Yaya, Baba sau nawa ya shiga keji?”

Na ce, “Baba ya rasu a kan gadonsa.”

Ya ce, “Ai shi ya sa nake tambaya.”

Ranar Litinin ya rubuta rahoto shafi biyu, ya sa hannu shi kaɗai, ya kai wa manaja. Masu ramin suka janye aikin, kuma ba a saka ko ɗaya daga cikin allunan a rami ba. Ba a kore shi nan take ba. An ba wani kujerar, aka riƙa kiran sa Malam Sifili a ɗakin shan shayi, kuma da aka rufe sashen a watan Maris na 1998 sunansa ne na farko a takardar sallama. Mutum goma sha ɗaya suka rasa aiki tare da shi, waɗansu ba su sake gaishe shi ba.

Komawa gida

A 1999 ya sayar da gidan birni ya dawo da iyalinsa Tshakhuma. Labari ya riga shi isowa, kuma a karkace. A kasuwa mata sukan ce mini, “Muofhe, ina injiniyanku? An ce wata ɗaya da rabi ya yi yana auna iska.” Ni kuma nakan ce ciwon ido ne ya dawo da shi. A makaranta aka riƙa tsokanar Khathutshelo da sunan Ɗan Sifili, har sau biyu ana kiran iyayensa saboda faɗa.

Daga 2001 zuwa 2020 ya koyar a wata kwalejin fasaha a Thohoyandou. Ɗalibansa sun ce ba ya karɓar sakamakon gwaji sai ɗalibi ya kwafo masa lambobi hamsin na farko da hannunsa. Bai taɓa gyara wa kowa labarin ba, kuma bai taɓa tuna mini shawarar da na ba shi ba. Bayan ya yi ritaya ya koma kula da gonar ayabar mahaifiyarmu.

Rasuwa da jana'iza

Ciwon sukari ya kama shi a 2014, ya taɓa ƙodarsa a 2022. Ya rasu ranar Talata, 9 ga Mayu, 2023, a asibiti a Polokwane, yana da shekara sittin da uku.

Khathutshelo ne ya rubuta tarihin da za a karanta a jana'iza. Da aka karanta mini ranar Alhamis, sai na ji an ce marigayi ya ajiye aikin Pretoria domin ya yi wa garinsu hidima. Na ce ba haka aka yi ba.

Ya ce, “Gwaggo, ki bar mutumin nan ya huta. Shekara ashirin da biyar ana mana dariya, sai kuma a bakin kabari?”

Na ce, “Ba a binne ɗan gidan nan sai makhadzi, gwaggon gida, ta yi magana, kuma ni ce ita.”

An binne shi da sassafe ranar Asabar, 13 ga Mayu, kusa da mahaifinsa. Aka karanta takardar Khathutshelo yadda ya rubuta ta. Da aka zo kaina na faɗi abin da ke rubuce a sama, ba da kalmomin injiniyoyi ba, na kuma faɗi abin da na ce masa a rumfa. Wani ya yi dariya a baya da na ambaci sifili. Khathutshelo ya tafi ya zauna a mota, bai fito ba har aka gama rufe kabarin.

Marigayi ya bar matarsa Livhuwani, da 'yan'uwa mata uku da suka rage, da jikoki biyar. Ya bar 'ya'ya huɗu: Rendani, malamar makaranta a Makhado, Ndamulelo, mai aikin haɗa magunguna a Polokwane, Pfano, wanda yake riƙe da gonar ayaba, da Khathutshelo, wanda ya zo rumfata a watan Oktoba ya karɓi wannan rubutu, ya buga shi a kwamfuta da hannunsa, bai cire ko kalma ɗaya ba.